Wane ƙwaro ne wannan a cikin gyaɗata?

Maman Walida:
Salamu alaikum 'yan uwa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi a Kurna. Ƙanina ya kawo min buhu uku na gyaɗa mai ɓawo daga gona, na jibge a ɗakin zaure. Jiya da daddare na haska fitila sai ga wasu ƙwari masu launin ƙasa, dogaye kamar ƙwayar shinkafa, suna ta gudu a jikin buhu da bango. Gabana ya faɗi, na ce kuɗin cizo ne. Na fasa ɓawo, babu huda ko ɗaya, amma wasu ƙwayoyin sun motse, har da ɗaci. Ga kuma wasu jajaye masu ɗigon baƙi a jikin tumfafiyar bayan gida. Duk abu ɗaya ne?

Ɗan Dawanau:
Hajiya kwantar da hankalinki, kuɗin cizo ba shi da fiffike, shafaffe ne. Wannan sha-mai ne. Mu 'yan ridi mun san shi sarai. Daga gona yake biyo kaya, idan an tumɓuke gyaɗa aka bar ta a tare kwana da kwanaki tana bushewa. Da rana ya ɓuya a ƙarƙashin tari, da dare ya fito ya soka tsinken bakinsa ta cikin ɓawon ya zuƙe mai. Shi ya sa ba ki ga huda ba. Mai huda gyaɗa ya bar rami zagayayye wani ƙwaro ne daban, mai ƙoƙon baya.

Anti Bilki:
Ki fesa fiya-fiya kawai ki huta.

Malamin gona, Gwammaja:
Anti, a kan abin da za a soya a sayar wa yara? Don Allah a'a.

Maman Walida, bayaninki ya yi kama da sha-mai, wanda a littafi ake kira Elasmolomus sordidus, amma ki tabbatar, don danginsu masu tsotsa da tsinke suna da yawa kuma suna kama. Ki kama ɗaya a kwalba, ki ɗauki hotonsa da waya ki buɗa hoton. Dubi ƙarshen fiffike, wurin da ya yi shara-shara. Ƙwarin da ke shan iri, irin su sha-mai, jijiya huɗu ko biyar ce kawai a wurin. Idan kika ga jijiyoyi birjik a jere kamar zaren saƙa, to dangin masu tsotsar kwanson wake ne, irin babban baƙin nan mai lanƙwasassun cinyoyin baya. Shi sha-mai cinyoyinsa na gaba ne masu kauri, da 'yan ƙayoyi a ƙasansu.

Jan na tumfafiya kuwa ɗan uwansa ne na nesa, shi ma iri yake sha, amma ba shi ne a buhunki ba. Jan nan gargaɗi ne ga tsuntsaye, domin yana tara dafin tumfafiya a jikinsa. Mutane kan rikita shi da jan ƙwaron auduga da ake gani a kuɓewa da gindin kuka da rimi. Bambancin a ka yake: na tumfafiya yana da ƙananan idanu biyu kamar ɗigon allura tsakanin manyan, na auduga ba shi da su, ga kuma fararen zane a cikinsa.

Abu ɗaya: idan kika ga mai siririn wuya da gajeren baki a lanƙwashe kamar lauje, kar ki taɓa da hannu. Mafarauci ne, ƙwari yake ci, kuma harbinsa da zafi. Na sha shi ina ɗalibi, yatsana ya kwana yana zugi.

Baba Mai Ridi:
'Yata, fito da ita rana ki baza a siminti, za ki ga suna watsewa. A share ɗakin, a ƙone sharar. Ki ɓare ta da wuri, ki tsince motsattsun ki zubar, idan suka shiga injin za ki iya jin su a mai. Wadda za ki ajiye ki sa a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, ki ɗaure tam. Shekara mai zuwa kuma ki gaya wa ƙanin naki kar ya bar ta ta daɗe a tare.

Maman Walida:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, Walida ta kama ɗaya a robar magani, mun ƙirga jijiyoyin ba su wuce biyar ba, ga cinyoyin gaba kamar na ɗan dambe. Baba, buhu ɗaya muka ɓare yau, motsattsun sun kusa cika kwano. Sauran biyun suna rana.