Tun da na yi baftisma jaraba ta ƙaru, Shaiɗan ne ko zuciyata ce?

Ɗan_Sabon_Rai:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Dan Allah ina neman shawara don abin ya dame ni. Na yi baftisma lokacin Ista da ta wuce, kafin nan ina shan giya ina kuma buga cacar ƙwallo a waya, na tuba na bari gaba ɗaya. To ni na ɗauka bayan baftisma zan huta, sai ga shi kamar ma yanzu aka fara, da na ɗauki Littafi Mai Tsarki sai barci, da albashi ya shigo sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, ga dannau da ke danne ni da dare in kasa motsi in kasa ko kiran sunan Yesu. Goggona ta ce wata tsohuwa ce a ƙauyenmu ta sa min hannu, har ta aiko min da laya wai in sa ƙarƙashin filo, wani abokina kuma ya ce in je wurin wani annabi da ke sayar da mai da ruwan addu'a. Layar tana cikin jakata ban sa ba ban kuma yar ba. Shin mugayen ruhohi ne ke bina ko ni ne ban tuba da gaske ba?

Dattijo_Kagoro:
Ɗana sannu, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Buɗe Matiyu ƙarshen sura 3 ka shiga sura 4. Yesu na fitowa daga kogin Urdun, murya ta ce wannan shi ne Ɗana ƙaunatacce, abin da ya biyo baya shi ne jeji, azumin kwana 40, sai ga Iblis. Kuma ka lura da kalmar da ya fara da ita, "in kai Ɗan Allah ne". Wato abin da Uba ya faɗa shi ya fara sa wa alamar tambaya. Kai ma tambayar da ka rufe da ita ke nan, ko ban tuba da gaske ba. Da can da kake caca kana sha ai ba ya buƙatar ya yi kokawa da kai, kana hannunsa. Mutumin da bai tuba ba zunubi ba ya hana shi barci.

Amma kada ka ɗora wa Shaiɗan komai. Yakubu 1:14 ya ce kowa sha'awarsa ce ke jan sa ta yaudare shi. Shi magabci kamar mai kamun kifi ne, ƙugiya tasa ce amma abincin da ya maƙala a jiki abin da ka saba so ne, shi ya sa ba ya jarabtarka da satar shanu, da ƙwallo yake zuwa ranar albashi. Goge manhajar cacar daga wayarka yau, ka fita daga duk guruf ɗin da ake turo wasanni. Ka kuma duba yadda Yesu ya amsa, sau 3 yana cewa a rubuce yake, duka daga littafin Maimaitawar Shari'a. Shi ma Iblis ya jawo Zabura 91 ya murɗe ta, don haka ba duk mai jawo aya ne na Allah ba.

Maman_Zumunta:
Ɗana layar nan dai ka rabu da ita. A Ayyukan Manzanni 19 mutanen Afisa da suka ba da gaskiya sun tattaro littattafansu na sihiri suka ƙone a gaban jama'a, da aka lissafta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, ba su ce bari mu ajiye ko za ta ɓaci ba. Ka kai wa fastonka ku yi addu'a ku ƙone ta tare, goggo kuma ka yi mata magana da ladabi don ƙauna ce ta sa ta aiko, abin da ta sani ke nan.

Ni kuma tawa jarabar ba da mafarki ta zo ba. Shekara 2 ba na magana da wata 'yar'uwa a zumuntar mata saboda maganar kuɗin anko, muna waƙa layi ɗaya muna cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na tunawa da mutuwar Yesu, tare amma ko gaisuwa babu, kuma duk lokacin nan ina zuwa addu'ar dare ina ɗaure aljannu da babbar murya ban san ni na buɗe ƙofa da hannuna ba. Ranar da aka karanta Afisawa 4:26-27, kada rana ta faɗi kuna fushi kada ku ba Iblis dama, kuka na yi a kujera. Ka duba ko akwai wanda ka riƙe a zuci.

NasMubi:
Ɗan'uwa ni ma'aikaciyar jinya ce kuma mai bi ce, bari in taɓa maganar dannau. Lokacin da mutum ke mafarki jiki yana sake tsokoki don kada ka tashi kana aikata abin da kake gani, wani lokaci ƙwaƙwalwa ta farka jiki bai farka ba, sai ka ji an danne ƙirjinka har ka ga kamar mutum tsaye a ɗaki. Rashin isasshen barci da damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ba na musun cewa akwai mugayen ruhohi, Afisawa 6:12 a fili take. Amma ayar nan ɗin ce ta ce famarmu ba da nama da jini ba ce, to don me za a nuna tsohuwa da yatsa? Na ga tsohuwar da aka kawo mana asibiti jina-jina saboda an ce mayya ce, kuma masu zuwa coci ne suka doke ta. In Shaiɗan ya sa ka tsani baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ai ya gama aikinsa ko bai zo maka a mafarki ba. Ka yi addu'a ka kwanta da wuri ta gefe, ka ajiye waya, in ya ci gaba ka je asibiti.

Dattijo_Kagoro:
Na manta maganar annabin. A Ayyukan Manzanni 8 Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi yana son sayen ikon Ruhu Mai Tsarki, ka karanta amsar da Bitrus ya ba shi. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a su shafa mai, bai ce a biya ba.

Ɗan_Sabon_Rai:
Na gode Baba, na gode Mama da Anti. Na goge manhajar yanzun nan, hannuna har rawa yake. Gobe bayan sujada zan kai wa Baba Fasto layar. Mama maganarki ta taɓa ni, akwai yayana da muka yi faɗa kan gona tun bara ko gaisuwar Kirsimeti ban yi masa ba, zan kira shi. Ku sa ni a addu'a ranar 28 ga wata don ranar ake biyan mu.