Neman kalma: me zan kira "record" a manhajar kwastomomi? Asabar nake koyarwa

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina cikin matsi. Ina aiki da wani ƙaramin kamfanin susu (masu bi suna karɓar ajiyar kuɗi kullum) a nan Kumasi, masu karɓar mana kuɗi su 9 ne, suna zagaya Aboabo, Asawase, Alabar har cikin Kejetia. Da littafi muka fara, muka koma Excel, yanzu ofis ya sayi manhajar kula da abokan ciniki, dangin su Zoho da Salesforce ɗin nan amma ƙarama. Da Turanci take, kuma haka za ta zauna. Ni aka ɗora wa koyar da masu karɓar kuɗin ranar Asabar bayan azahar, sannan zan ɗauki murya in tura musu a WhatsApp su riƙa saurara, don yawancinsu ba sa karanta Hausar boko. Saboda haka kalmar da kunne zai kama nake nema.

Abin da ya tsaya mini shi ne "record". A manhajar kowane mutum yana da nasa guda ɗaya tak: suna, lambar waya, lambar Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa), adireshin gida na GhanaPostGPS, wurin sana'a, da abin da ya zuba. Da muka yi gwaji makon jiya, mace ɗaya ta shiga sau 3, don wani ya rubuta Aisha, wani Aishatu, wani Ayishetu, kowa ya buɗe sabo maimakon ya nemo wanda ke akwai ya gyara. Kuɗinta ya rabu gida uku. Ina son kalmar da da jin ta mutum zai san abu ɗaya ne ga mutum ɗaya. Sai kuma "edit" da "navigate", in da hali.

Tafintan Nima: Wa alaikumus salam. "Edit" gyara ne, an gama. Wikipedia ta Hausa ma abin da ta sa ke nan a kan maɓallin. Na farkon kuwa, bayani. "Buɗe bayanin Hajiya."

Injiniya: Bayani ya yi faɗi, Malam. Lambar waya bayani ce, suna bayani ne, duk abin da ke cikin rumbun ma bayanai ne. In ta ce "goge bayanin" wani zai goge lambar waya, wani zai goge mutum sukutum. A rumbun bayanai abin layi ɗaya ne a cikin jadawali, ramukan da ake cikewa kuma kowanne da sunansa. Ga ramukan nan "gurbi" ya zauna daram: gurbin suna, gurbin lamba. Babban ne muke nema.

Hajiya Mai Susu: Ku ce kati mana. Kowa ya san katin asibiti, kowa ya san katin susu da muke wa maki kullum.

'Yar Aboabo: Mma, na gwada kati ranar gwajin. Na ce wa yaro ɗaya "buɗe katinta", sai ya juya ya ce wa matar ta kawo Ghana Card. Tun da aka fara haɗa layukan waya da shi a 2021, in ka ce kati a bakin aiki shi mutane ke ji.

Tafintan Nima: To fayil, ko folda kamar yadda ake cewa a asibiti.

Injiniya: Su biyun duka suna da aikinsu a kwamfuta. Ranar da za ta ce su ɗora hoton takarda, fayil zai ci karo da fayil.

Mai Nahawu: Salamu alaikum. Na karanta duka, raina bai so ba. Kati, fayil, folda, duk aro ne. Kamar Hausa ba ta da 'ya'ya sai na riƙo. Harshen nan yana da hanyar ƙirar suna daga aikatau da ɗafa -au: mantau, gagarau, jimrau. Ni shekara biyu ke nan ina amfani da ADANAU wa wannan abu a darussana. Adanau ɗaya, adanai da yawa. Gajere ne, zai shiga kan maɓalli, kuma ba ya karo da komai don sabo ne fil. "Buɗe adanau na Hajiya, gyara adanau, adana adanau."

Tafintan Nima: "Adana adanau." Malam, kamar ana koyar da karin magana.

Injiniya: Ni ba ɗan nahawu ba ne, amma mantau ai mai mantuwa ne, jimrau mai jimrewa. To adanau mai adanawa ke nan, wato kwamfutar, ko ma'aikacin. Abin da aka adana adananne ne.

Mai Nahawu: Ba kullum ba. Fiddau fa? Abin da aka fitar ne, ba mai fitarwa ba. Ka duba ƙamus kafin ka yi gardama. Tun 1934 Bargery ya tattara kalmomin nan, mu ne muka ƙi karatu.

Hajiya Mai Susu: Ɗana, shekara 22 ina bin rumfuna da jaka. In na ce wa yarinya "buɗe adanau" za ta ɗauka sunan magani ne.

Mai Nahawu: Hajiya, da girmanki, haka aka ce da manhaja farkon fitowarta. Kalmar tsarin karatun makaranta ce, aka ɗora mata wannan aiki, yau ga shi ita kanta mai tambayar ta yi amfani da ita ba tare da ta ji nauyi ba. Kalma sai an sha ta ake sabawa. Kuma tunda ana gyara, ba susu ba ne sunansa, adashe ne.

'Yar Aboabo: Malam, ina da kwana uku ne, ba shekara biyu ba. Ga yadda zan faɗa a muryar, ku saka kalmar ku ji: "In Hajiya ya canza lamba, kar ka buɗe sabo. Ka nemo nashi tukuna, ka gyara."

Mai Nahawu: Inna lillahi. "Hajiya YA canza", "NASHI". Ga inda gizo ke saƙa. Kafin a nemi sabuwar kalma a fara mayar wa mata jinsinsu. Shekara huɗu na yi a Jami'ar Bayero, ko yaron firamare a Kano ba zai faɗi haka ba. Da wannan Hausar za a koyar da mutane?

Ɗan Sabon Zango: Ga shi nan, an fara. Duk wanda ya je Kano ya dawo sai ya riƙa kallonmu kamar masu cin bashin harshe. Malam, a Asawase aka yanke maka cibiya, kakarka "ya" take cewa, kuma da shi ta yi maka addu'ar da ta kai ka Kanon. 'Yar Aboabo ta rubuta tambayarta da daidaitacciyar Hausa tsaf, kana gani. Jimlar nan ta kunnen yaran Aboabo ce. In ta shiga "ta" da "tata" da "ce" za su yi ta dariya suna cewa ta koma 'yar fim, darasi ya bi ruwa.

Mai Nahawu: Ban zagi kowa ba. Kuskure kuskure ne ko a bakin wa.

Ɗan Sabon Zango: Abin da dubban mutane suka gada suna faɗa daga Kumasi har Accra ba kuskure ba ne, karin harshe ne. Kuma susu da adashe ba ɗaya ba ne a nan. Mai susu yana zagayawa kullum ya karɓa, ƙarshen wata ya mayar maka da kuɗinka ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Wanda ake zubawa a kwashe bi da bi daban ne. Ka gyara mana abin da ba ka sani ba.

Tafintan Nima: Ku yi haƙuri, yarinya na jiran kalma. Amma gaskiya ni ma abin na ci mini tuwo a ƙwarya: duk aikin fassara da ya zo daga waje sai a ce a kai Najeriya a duba, kamar mu nan ba mu da kunne.

Baba Mai Goro: Jikana ne ke rubuta mini wannan. 'Ya'yana, ku sassauta. Kai mai nahawu, karatunka na da amfani, amma kar ka manta Alhaji Umaru na Kete-Krachi haifaffen Kano ne, a Salaga ya zauna har yaƙin 1892 ya watsa garin, mutane suka bazu, wasu Krachi, wasu Kumasi, wasu Ankara, wadda ku kuke rubutawa Accra. A ƙasar nan ya yi rubutunsa na Hausa da ajami har ya rasu a 1934. Hausar nan ba jiya ta sauka a tasha ba.

Sai maganar yarinya. Mahaifina maigida ne na fataken goro. Baƙo ya sauka a gidanmu, mu ba shi ɗaki, mu nemo masa mai sayarwa, mu tsaya masa a kan bashi. Akwai babban littafi, kowane baƙo da shafinsa. Ko ya yi shekara uku bai zo ba, in ya dawo ba a buɗe masa sabo, sai an bi littafi an nemo shafinsa. Wanda ya buɗe wa baƙo shafi biyu ya sha faɗa, don nan ne bashi ke ɓata. Abin da kike kwatantawa shi ne wannan. Ki ce shafi.

Hajiya Mai Susu: Allah ya ƙara girma, Baba. Mu ma haka littafinmu yake. "Nemo shafinta." Ko cikin barci yaro zai gane.

Injiniya: Ina da ja kaɗan, Baba ya gafarce ni. A intanet shafi ya riga ya zama na kowa: shafin Facebook, shafin farko, shafi na gaba. In jerin sunaye ya yi tsawo manhajar za ta raba shi, ta nuna 1, 2, 3 a ƙasa, su ma shafuka ne.

'Yar Aboabo: Wannan zan iya kauce masa. Babban wurin da sunaye ke jere zan kira shi jeri, abin da ido ke kallo allo, lambobin ƙasa kuma in ce "gaba" da "baya" kawai. Shafi sai na mutum: shafin wane, shafin wance. Mutum ɗaya, shafi ɗaya. Wallahi har na ji yadda zai fita a murya.

Mai Nahawu: Shafi daga Larabci yake, ṣafḥa. Kun gudu daga aro kun faɗa aro.

Ɗan Sabon Zango: Nahawu ma daga Larabci yake. Canza suna.

Tafintan Nima: A bar nan. Saura "navigate". A wasu fassarorin waya ina ganin kewaya.

Hajiya Mai Susu: A'a! Ta tsaya gaban samari ta ce "yanzu za mu kewaya"? Kowa zai nemi buta.

Tafintan Nima: Na janye. Zirga-zirga?

Injiniya: Ba ta buƙatar suna ko ɗaya a nan. Turanci ne ke son tara aiki cikin kalma guda. Ta faɗi abin da hannu ke yi: shiga, fita, koma baya, sauka ƙasa, nemo. Amma ƙanwata, ga abin da ya fi kalma: ki koya musu nema da lambar Ghana Card ko lambar waya, ba da suna ba, don suna ne ya haifa miki Aisha uku. Ki sa mai kula da manhajar ya hana a shigar da lambar kati ɗaya sau biyu, yawancinsu suna da wannan saitin. Ukun da suka riga suka shiga kuma kar a goge biyu, haɗe su ake yi, zubin kowanne ya koma shafi guda. Ni tagwaye nake ce musu a wurin aiki, mutane na ganewa.

Kuma ki kula da "save". Ajiye aka saba gani, amma a kamfaninku ajiya kuɗi ne. Ki ce adana.

Mai Nahawu: Kun dai dawo gidan adana.

'Yar Aboabo: Mun dawo, Malam, rabin kalmarka ta shiga. Yaya Injiniya, gyara fa? Hajiya za ta ce a kasuwa gyara shi ne ɗan ƙarin da mai tumatir ke yi maka.

Hajiya Mai Susu: Wannan ba zai rikita kowa ba, 'yata. Abin da zai rikita shi ne a littafi in ka gyara, ka ja layi a kan tsohon, yana nan ana gani. A na'ura fa?

Injiniya: Tambaya ke nan. A allo sabon yana hawa kan tsohon, da an adana tsohon ya ɓace wa ido. Manhajoji da yawa suna riƙe tarihin wanda ya taɓa me da yaushe, amma sau da yawa shugaba ne kaɗai ke iya gani. Ki faɗa musu da baki cewa kowane gyara na barin sawu da sunan mai shi, kada wani ya ba wani kalmar sirrinsa. Kuma akwai doka: Dokar Kare Bayanai ta 2012, lamba 843, ta ba mutum haƙƙin ya nemi a gyara bayaninsa in ba daidai ba ne, ta kuma ɗora wa kamfani nauyin tsare shi. Shafin wance ba abin nuna wa maƙwabciyarta ba ne a rumfa.

Tafintan Nima: Ba wanda ya taɓa "client" fa. Ita kanta ta rubuta kwastomomi a sama, abokan ciniki a ƙasa.

Mai Nahawu: Abokin hulɗa. Ciniki saye da sayarwa ne, mai zubi ba saye yake ba. Wannan kam ba zan sassauta ba.

Baba Mai Goro: Mu baƙi muke cewa, amma wadda kuke gani kullum da safe ba baƙuwa ba ce.

Hajiya Mai Susu: Kastoma. Tun kafin a haife ku kastoma ne.

'Yar Aboabo: A takardar da zan miƙa wa ofis zan sa abokin hulɗa, a murya kastoma, in wani ya zo da wadda ta fi kafin Juma'a ina saurare. Abin da na ɗauka: shafi, gurbi, jeri, nemo, gyara, adana, tagwaye, sawu. Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Baba, a gaida jika mai rubutu.

Mai Nahawu: Shafi zai yi na Asabar, ban ce ya yi na ƙamus ba. A ajina adanau yana nan. In kin gama ki turo mini muryar, ina so in ji sau nawa za a ce "Hajiya ya".

Hajiya Mai Susu: Turo masa, 'yata. Ya ƙirga, in ya gama ya zo Aboabo Asabar ya riƙe miki waya.