Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba: a ƙara masa ɗaya mana?

Malamin Firamare, Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar yau kowa ya san ta: "Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba." Ina koya wa 'yan aji biyu tarawa, na faɗe ta, sai wata yarinya ta ce, "Malam, to a ƙara masa ɗaya mana ya cika." Tambayata biyu ce. Me ya sa tara da ɗaya kullum goma ne, a Jos ko a Makka? In kuwa haka ne, me ya hana lissafin ya hau kan mutum?

Hajiyar Rikkos:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Yadda na taso na ji iyayenmu suna faɗinta, magana ce ta ba da haƙuri. Mace ta kawo ƙarar miji, a ce mata yana ci da ke, yana tufatar da ke, yana ganin girman iyayenki, ki haƙura da saurin fushin. Ba a ce huɗu yake ba fa, an ce tara. Alherinsa ya rinjayi aibinsa nesa ba kusa ba.

Mai Tumatir, Farin Gada:
Malam, ta farkon ni zan amsa, don ita nake yi tun asuba. An sauke mini kwando 7 daga mota guda, 5 daga wata. In na fara ƙirga daga na farko, ina kai bakwai sai in zarce: takwas, tara, har sha biyu. In na fara daga ɗaya ɓangaren, sha biyun dai zan tarar. Dalili, babu kwandon da ya ɓace, babu wanda na taɓa sau biyu. Tarawa ƙirga ce da aka ci gaba da ita, shi ke nan.

Ɗalibin Lissafi, Unguwar Rogo:
Alhaji, abin da ka faɗa shi ne tushen abin. Wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Peano, a 1889 ya kafa lissafin lambobi a kan wannan: kowace lamba tana da mai bi mata guda ɗaya tak. Mai bin tara goma ce, ba ta da wata. Ƙara biyar kuwa taku biyar ne gaba, ɗaya bayan ɗaya.

Inda yara ke rikicewa shi ne "rubuta uku, riƙe ɗaya". Ɗauki 28 da 15. Takwas da biyar sha uku. Ɗayan da aka riƙe ba ɗaya ba ne, ƙullin goma ne, shi ya sa yake komawa wajen 'yan uwansa gomomi: biyu da ɗaya da ɗaya, huɗu. Amsa 43. Malam, a ba su tsinke da roba su ɗaure goma-goma da hannunsu, za su gani da ido. Muna ƙullawa a goma ne saboda yatsunmu goma.

Amma akwai sharaɗi. Zuba mudun wake da mudun acca a buhu ɗaya, ka girgiza, ka sake awo. Ba za ka samu mudu biyu cif ba, accar ta shige tsakanin waken. Lissafi bai yi ƙarya ba, nauyin yana nan yadda yake. Tarawa tana aiki ne a kan abin da ba ya shigewa cikin ɗan uwansa.

Matashiya, Bukuru:
Ni ina ganin yarinyar ta yi gaskiya. Ɗayan da ya rage ai wani ne yake cika maka shi. Miji tara, mata ta kawo ɗayan. Ba an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba?

Baba na Dilimi:
A'a 'yata, kin haɗa magana biyu da ba gida ɗaya suke ba. Ta jinka a kan aiki take, kuma aiki yana taruwa. Ita wannan a kan hali take. Matar ma ai tara take. Haƙurinta ba ya shiga jikin miji ya zama nasa, kamar yadda sallarta ba ta sauke masa tasa. Goman da ake nufi kamala ce, ta Allah ce shi kaɗai. Masu maganar sun san lissafi sarai, mutanen da ke ƙirga kuɗin wuri biyar-biyar har dubbai ba a koya musu tara da ɗaya. Da gangan suka bar gurbin.

Matashiya, Bukuru:
Na ji Baba, Allah ya ƙara girma. Amma abin da ke ci mini rai, yanzu mai laifi ne ke riga kowa faɗinta. Tela ya riƙe miki ɗinki har safiyar sallah, ki yi magana ya ce ɗan Adam tara yake.

Hajiyar Rikkos:
Wannan ba hurumin sa ba ne. Wanda aka ɓata wa, ko mai sulhu, shi ke da bakin faɗinta. Mai laifi nasa "yi haƙuri" ne.

Ɗalibin Lissafi, Unguwar Rogo:
Maganar Baba ta tuna mini da Muhammadu al-Katsinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malam, ga ƙaramin hatimi ka rubuta wa yaran a allo: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Su tara a kwance, a tsaye, da kusurwa zuwa kusurwa. Duk 15 za su samu. Kada ka gaya musu tun farko, bar su su gano da kansu.