Baba ya canza hali bayan shanyewar ɓarin jiki, ina neman shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hawan jini ya jawo wa mahaifinmu shanyewar ɓarin dama wata 4 da suka wuce. Alhamdulillah ya fara takawa da sanda, amma hannun ya ƙandare, yatsun a dunƙule, wani lokacin ya riƙa fizga shi kaɗai. Halinsa ne ya fi damunmu. Mutumin da ba a jin muryarsa, yanzu abu kaɗan sai faɗa. Yana cin tuwo sai ya fashe da kuka, a tambaye shi ya ce shi ma bai san dalili ba. Gwaggonmu ta dage iska ce, a ajiye maganin asibiti. Yaya za mu yi?

Nas Hauwa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kar ku ajiye maganin hawan jinin ko na kwana ɗaya, nan ne haɗarin dawowar ciwon yake. Duk abin da kika lissafa daga ƙwaƙwalwa yake. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane can magana take, shi ya sa mai shanyewar dama kan nemi kalma ya rasa, takaici ya sa shi faɗa. Kukan nan ma sananne ne, wurin da ke riƙe kuka da dariya ne ya taɓu. Ban da wannan, kusan 1 cikin 3 na masu wannan ciwo suna shiga ciwon damuwa, kuma yana da magani. Fizgar kuwa, ki ɗauke ta a bidiyo ki nuna wa likitan ƙwaƙwalwa, don wani lokacin farfaɗiya ce.

Abu Sadik: Mahaifiyata ta yi irinsa. Ku dage da zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓi da ake yi a asibiti, watanni 6 na farko aka fi samun sauƙi. Kuma kar a ja shi ta shanyayyen hannun in za a tayar da shi, kafaɗar tana gocewa.

Malam Sani: Hajiya, ku lallaɓa Gwaggo. A yi addu'a, a sha magani, ɗaya bai hana ɗaya ba. In tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Anti Hauwa, mu jira ranar da aka ba mu ko mu koma yanzu?

Nas Hauwa: Saboda fizgar, ku koma cikin satin nan. In kuwa baki ya ƙara karkacewa ko harshe ya harɗe farat ɗaya, ko tsakar dare ne ku tafi asibiti.