Haihuwar Zango da Ghana Card: wace hujja doka take nema?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai a tada maganar cewa mutanen Zango baƙi ne. Ina son masana su warware mana: wanda aka haifa a Nima (unguwa a Accra) ko Kumasi, ubansa ma nan aka haife shi, amma kakansa daga Kano ya zo fataucin goro, ɗan Ghana ne a doka? Wace takarda zai nuna wa jami'an NIA, hukumar da ke bayar da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa?

Malam Lauya: Wa alaikumus salam. A Ghana haihuwa a cikin ƙasa kaɗai ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa, jini ake bi. Tsarin mulki na 1992 ya ce idan ɗaya daga cikin iyayenka ko kakanninka ɗan ƙasa ne, kai ma ɗan ƙasa ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000, wato Act 591, ta raba mutane bisa ranar haihuwa: kafin 6 ga Maris 1957, daga nan zuwa 22 ga Agusta 1969, zuwa 24 ga Satumba 1979, zuwa 7 ga Janairu 1993, sai bayan haka. Kowane zubi da sharaɗinsa.

Ga inda ake tuntuɓe. Wanda aka haifa a Kumasi a 1950, sai ya kasance ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ma a ƙasar aka haife shi. In uwa da uba da kakanni duk haihuwar Kano ne, bai shiga ba. Amma mu Hausawa mun saba lissafa asali ta wajen uba, alhali doka ba ta bambanta uwa da uba. Fatake da yawa sun auri matan Dagomba, Gonja ko Asante. Kaka mace guda ɗaya haihuwar Salaga, gari a arewacin Ghana, ta wadatar, don haka a fara bincike ta ɗakin uwa.

Hajiya Sabon Zango: Malam ya yi bayani. Zan ƙara da batun rajista. NIA tana karɓar takardar haihuwa, fasfon Ghana mai aiki ko takardar shaidar samun zama ɗan ƙasa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ɗan'uwansa mai katin zai rantse a kansa, ko kuma mutum biyu sanannu a unguwa. Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu aiki shi ne saɓanin suna: takardar makaranta ta ce Mohammed, ta haihuwa ta ce Mahamadu, ranar haihuwa ma iri biyu. A gyara wannan da takardar rantsuwa kafin a shiga layi. Kuma a sani, Kotun Ƙoli ta faɗa a 2020 cewa takardar haihuwa ita kaɗai ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, shi ya sa jami'i yake tambayar garin iyaye da kakanni. Sunan Hausa dai ba dalilin ƙin mutum ba ne. In an ƙi ka, ka nemi ganin shugaban cibiyar, ka ce a rubuta maka dalili.

Baban Fati: Tsoron da dattawanmu suke yi yana da tushe. A Nuwamba 1969 gwamnatin Firaministan Ghana Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su fice, har da waɗanda ba su taɓa ganin Najeriya ba. A 1983 Najeriya ta yi wa 'yan Ghana irin haka a zamanin Shagari. Wanda binciken asali bai fitar da shi ba, kada ya sayi rantsuwar ƙarya, domin laifi ne a kansa da wanda ya tsaya masa. Ya nemi zama ɗan ƙasa ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida: zaman wata 12 a jere kafin neman, da jimillar shekara 5 cikin shekara 7 da suka gabaci wannan, da shaidar halin kirki, da iya wani harshen ƙasar. Ghana ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, don haka ba sai ya ajiye fasfonsa na farko ba.