Sabuwar RAV4 ta 2026: in jira ta ko in kama tsohuwar kafin ta ƙare?

Baban Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya tsaya mini a rai tun watan Mayun 2025 da Toyota ta buɗe sabuwar motarta RAV4, zubi na shida. Shekara biyu ina tara kuɗi don in sayi motar iyali guda ɗaya da za ta daɗe, idona na kan RAV4 mai zallar fetur, inji lita 2.5, giya takwas. Kwatsam sai suka ce ta 2026 da za a sayar a Amurka babu mai zallar fetur ko ɗaya, daga haibrid, wato mai haɗa injin fetur da batir, sai wadda ake jona wa caji. Farashi kuma a wajen buɗewar suka yi shiru. Ni dai na ce ba za ta yi ƙarkon tsohuwar ba, kuma kuɗinta zai fi ƙarfin mai albashi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Motar da nake hawa yanzu ta wani kamfani ce daban, na saye ta a shekarar farko da aka sauya mata zubi. Giyarta ta mutu mana a kan babbar hanya cikin dare, inji na ihu mota ba ta motsi, ƙaurin mai ya cika ciki, Ikram na barci a kafaɗar mamanta. Awa uku muka yi a gefen titi kafin motar ja ta zo. Ba na son in sake ganin wannan daren. Ku ba ni shawara: in jira sabuwar ko in kama ta 2025 tun tana nan?

Alhaji Mai Sienna: Wa alaikumus salam. Baban Ikram, tun daga kalmar farko ka kauce. RAV4 ba motar iyali ba ce. Kujera biyar ce fa. Motar iyali ita ce wadda za ta ɗauki mutum bakwai ko takwas, ƙofarta ta zame gefe, yaro ya shiga ba tare da ya buga wa motar maƙwabci ƙofa ba.

Maman Hanan: Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Mu biyar ne a gidanmu, ni da maigida da yara uku, motarmu kujera biyar ce. Mu ba iyali ba ne ke nan?

Alhaji Mai Sienna: Hajiya, ku iyali ne mana. Motar ce ba ta iyali ba. Ki jera kujerun yara uku a bayan RAV4 ki gani ko hannunki zai shiga tsakaninsu ki ɗaura bel.

Maman Hanan: Kullum da safe nake ɗaura shi. Na tsakiyar nake fara ɗaurewa, sannan in tura na gefe da gwiwa in lalubo makullin bel ɗin da yatsa biyu. Ƙusoshina sun sha karyewa, ban musa ba, amma yaran suna isa makaranta lafiya. Wanda bai taɓa yi ba shi ke cewa ba ya yiwuwa.

Ƙaramin Injiniya: Mota da aka sayar da sama da 470,000 a Amurka a 2024 kaɗai, a ce ba ta iyali ba ce? Su wa ke saya to, gwagware?

Alhaji Mai Sienna: Yawan ciniki ba hujja ba ne, ƙanena. Ita Toyota da kanta ta san bambancin. Tsakanin 2006 da 2012 RAV4 tana da zaɓin layin kujeru na uku a Amurka, har da inji V6, mai silinda shida, lita 3.5. Suka cire duka biyun. Wanda ke da iyali aka nuna masa Highlander da Sienna.

Ƙaramin Injiniya: Wannan layin na uku da ko yaro ɗan shekara goma sai ya naɗe ƙafa? An cire shi don ba a amfani da shi. Sannan don Allah Alhaji a daina ce mini ƙanena duk lokacin da na kawo lissafi. A amsa maganar kawai.

Alhaji Mai Sienna: Na riƙe sitiyari tun kafin RAV4 ta farko ta fito a 1994. In na ce maka ƙanena ban zage ka ba.

Ƙaramin Injiniya: Daɗewa a kan titi daban, sanin inji daban.

Maman Hanan: Haba Injiniya, wannan kuma ka wuce gona da iri. Ina tare da kai a maganar kujeru, amma ka ba Alhaji haƙuri.

Baban Ikram: Jama'a, yarana biyu ne, kujera biyar ta ishe ni. Ƙarko da farashi na tambaya.

Ɗan Honda: Malam, ka huta da jiran. CR-V ta Honda ta fi ta wajen miƙe ƙafa a baya, kuma har yanzu kana da zaɓi: ko lita 1.5 mai turbo, ko haibrid lita 2.0. In kuma motar iyalin gaske ake nema irin ta Alhaji, Odyssey ta Honda tana nan da V6 ɗinta. Sienna tun ta 2021 aka raba ta da V6, aka bar ta da silinda huɗu da batir.

Alhaji Mai Sienna: Silinda huɗun nan da batir ƙarfin doki 245 ne, kuma galan ɗaya yana kai ni wajen mil 36 da mutum bakwai a ciki. Ka tambayi mai Odyssey sau nawa yake tsayawa gidan mai.

Ƙaramin Injiniya: Kuma 1.5 turbo ɗin da kake talla, ba shi ne a CR-V ta 2017 da 2018 fetur ke gangarawa ya gauraya da baƙin mai ba, musamman a wuraren sanyi? Mutum ya zaro sandar awon mai ya ji tana warin fetur.

Ɗan Honda: An gyara wannan tuntuni. Tunda tone-tone ake so, a 2024 Toyota ta janye Tundra da Lexus LX wajen 102,000 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari cikin inji tun daga masana'anta, har ta kai ga sauya injin ɗungurungum. Injin 2.4 na RAV4 da Camry na wajen 2007 kuma kowa ya san yadda yake shan baƙin mai. Ku daina yi kamar Toyota ba ta kuskure.

Alhaji Mai Sienna: Kamfanin da ya sauya maka inji kyauta ai ya cika dattijo.

Ɗan Honda: Da Honda ce ta yi haka da ba dattijo za ka ce ba.

Oga Bakanike: Ku bari in ce wani abu a kan abin da mai tambaya ya tambaya, don na ga tsoron giya ne ke damun sa. Baban Ikram, tsarin giyar da ke cikin haibrid ɗin Toyota ana kiran sa eCVT, amma sunan ne kawai ya yi kama da CVT mai bel ɗin ƙarfe da ke zamewa in ya ji zafi. Babu bel a cikinsa, babu kuloci. Haƙoran giya ne 'yan kaɗan da ke zagaya juna, da moto biyu na lantarki, su ke raba aiki tsakanin inji da taya. Motar ba ta da kik irin wanda ka sani, ba ta da altaneta, birki ma yana daɗewa don moto ne ke fara rage gudu yana mayar da wuta batir. Kuma tsarin ba baƙo ba ne, tun Prius ta 1997 suke kansa. Injin sabuwar lita 2.5 ne ba turbo, ƙarfin doki 226 a mai jan gaba, 236 a mai jan ƙafa huɗu, mai caji kuma sun sanar da 320. Tsohuwar mai zallar fetur 203 ce. Batir yana da garantin shekara 10 ko mil 150,000 a Amurka. Abin da ke gajiyar da shi zafi ne. A tsohuwar haibrid ɗin yana ƙarƙashin kujerar baya, akwai 'yar kafar iska a wajen. Na sha buɗe matatar in tarar ta toshe da ƙura da zaren bargo kamar auduga, mai mota bai ma san tana nan ba.

Baban Ikram: Na gode Oga, Allah ya saka. To shekarar farko fa?

Oga Bakanike: Nan kam tsoronka yana kan hanya. Da zubi na biyar ya fito a 2019, masu haibrid sun yi ta kukan tanki ba ya cika, famfo ya katse alhali da sauran wuri. Daga baya kuma aka samu babbar wayar da ke kai wuta moton baya tana tsatsa a yankunan da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. An magance su, amma waɗanda suka yi gaggawa su suka ɗanɗana. Sabuwar kuma ta zo da sabuwar manhaja mai suna Arene, ba wanda ya zauna da ita shekara guda tukuna. Ni da kuɗina ne, sai in bar ta ta shekara.

Ɗan Honda: Kun ji ko? Bakanike da bakinsa ya ce kada a saya.

Ƙaramin Injiniya: Bai ce haka ba! Cewa ya yi a jira. Kuma dai CVT mai bel ɗin da ya kushe shi ne a cikin CR-V ɗinka mai turbo.

Ɗan Honda: Tawa ta wuce mil dubu ɗari, ko tari ba ta taɓa yi ba. Wani abokin aikina ma haka.

Maman Hanan: Mota biyu ce hujjar taka?

Ƙaramin Injiniya: Maganar farashi kuwa, hawa zai yi, ba makawa. A tsohon zubi ma haibrid ta fi mai zallar fetur kuɗi, yanzu an cire mai arhar gaba ɗaya. Ga harajin kashi 25 cikin 100 da gwamnatin Trump ta ɗora wa motocin waje a watan Afrilun 2025, RAV4 kuma da yawa a Ontario ta Kanada da Japan ake haɗa su, wasu a Kentucky.

Alhaji Mai Sienna: Shi ya sa na ce ya ƙara kaɗan ya sayi Sienna. A Indiana ake haɗa ta. Yara biyu yau, gobe fa? Ga baƙi, ga kaya.

Maman Hanan: Alhaji, "kaɗan" ɗinka ba kaɗan ɗin kowa ba ne. Mutum ya ce shekara biyu yana tari. Kuma ka sake komawa kan cewa mai yara biyu ko uku bai kai iyali ba.

Alhaji Mai Sienna: Ban faɗa ba, Hajiya. Ki koma sama ki karanta.

Maman Hanan: Na karanta sau biyu.

Shugaban Zaure: To jama'a, a dakata haka, saƙonni sun yi yawa. Ga abin da aka cim ma. An yarda cewa mota mai kujera biyar ba ta cika sharaɗin motar iyali ba, kamar yadda Alhaji ya yi bayani da hujjojin tarihi, kuma ni ma shekara shida ina hawa Sienna, na san gaskiya ya faɗa. Oga Bakanike ya tabbatar mana haibrid ɗin Toyota ba shi da matsala. Maganganun da aka kawo a kan Honda ba su samu karɓuwa ba. Injiniya, muna jiran ka ba Alhaji haƙuri. Shawarar zaure ga Baban Ikram ita ce ya ƙara haƙuri ya tara na Sienna.

Maman Hanan: Ranka ya daɗe, "an yarda" da wa? Mu biyu muka ce a'a.

Oga Bakanike: Ni ma ban ce ba shi da matsala ba, matsala biyu na lissafa da bakina.

Baban Ikram: Ba ni da kuɗin Sienna, ba na kuma buƙatar ta. Oga, in na bar sabuwar ta shekara kamar yadda ka ce, tawa ba za ta kai ni lokacin ba, giyar ta fara fizga kuma. Ta 2025 zan je in duba ranar Asabar. Mai zallar fetur ko haibrid ɗinta, wacce zan fara gwadawa?