Muhawara: a fina-finan Our Gang, kare ne tauraro ko yaran?

Ɗan Fagge: Jama'a, assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu ja a kanta. Gajerun fina-finan barkwancin nan na Amurka na shekarun 1920, waɗanda ba a jin magana a cikinsu, na yara da karensu, irin Our Gang na kamfanin Hal Roach. Ni a ganina karen ne ɗan wasa, yaran 'yan rakiya ne kawai. A cire Pete, karen nan mai baƙin zobe a ido ɗaya, a ga me zai rage: yara suna guje-guje suna faɗawa taɓo. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Malama Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito. Ƙanena, tun daga kalanda lissafinka ya karye. An fara Our Gang a 1922, Pete bai shigo ba sai 1927. Duk tsawon shekarun nan wa ya riƙe kasuwar? Shi kansa Roach ya sha ba da labarin yadda tunanin ya zo masa: ya leƙa ta tagar ofis ya hango yaran unguwa suna rigima a kan guntayen katako, ya tsaya yana kallonsu har ya manta da aikin gabansa. Sai ya ce in shi za su riƙe shi haka, za su riƙe 'yan kallo ma. A kan halin yara aka gina abin, ba a kan wutsiya ba.

Ɗan Fagge: Anti Malama, na ji, amma kuɗi ba ya ƙarya. Da aka ɗauki karen, dala 125 ake biyan mai shi a mako, kuma ana ƙarawa. In ka cire Farina, ɗaya daga cikin yaran, babu yaron da ya kai shi albashi. Kuma ba baƙon fim ba ne: sunansa na ainihi Pal, ya fito a fim ɗin ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd a 1925, ya fito a matsayin kare mai suna Tige a jerin fina-finan Buster Brown kafin Roach ya ɗauke shi. Kamfani ba ya zuba wa ɗan rakiya irin wannan kuɗin.

Malama Maman Hanif: To ai ka yanke wa kanka hukunci da ka ce "in ka cire Farina". Me ya sa za a cire shi? Allen Hoskins ke nan, baƙar fata, wanda ya shiga tun yana ɗan tatata ya fito a fim 105, har albashinsa ya kai dala 350 a mako. Je ka kalli Love My Dog na 1927. Masu kamen karnuka sun tafi da karensa, sai an kawo dala 5 ko a kashe shi. Karen yana cikin keji, ba abin da yake yi. Fuskar yaron ce fim ɗin: yadda leɓensa na ƙasa yake rawa kafin hawayen su zubo, yadda yake waige-waige ko wani zai taimaka. Ba ka jin muryarsa amma sai ƙirjinka ya yi nauyi.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ke ɗaure mini kai daban ne. Duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta ya san kare yana jin kira, yana jin fito, amma a ce ya rufe ido da ƙafa a daidai lokacin da yaro ya yi ɓarna? Anya ba dabarar yanka fim ba ce?

Baban Khalifa: Ɗana, har da yankan, amma ba shi ne babba ba. Ku bari in sa baki, tunda na ci abinci da kyamara.

Ku duka biyun kun manta abu ɗaya: kyamarar wancan zamani ba ta ɗaukar sauti. Mu ne muke ganin fim ɗin shiru, amma wurin ɗaukar kamar kasuwa yake. Mai karen, Harry Lucenay, yana tsaye dab da kyamara yana yi wa karensa magana da baki: zauna, kwanta, juyo, ɗaga kunne. Darakta Robert McGowan kuma yana gefe yana yi wa yaran haka nan. Yawancinsu ba su iya karatu ba balle a ba su takarda su haddace, sai ya bayyana musu abin da ke faruwa, a fara naɗa, shi kuma yana ta jefo musu umarni. Shi ya sa zamanin ya dace da kare da ƙaramin yaro fiye da kowane zamani: dukkansu ba sa riƙe dogon bayani, amma suna amsa murya nan take.

Ga gwaji. Ku tsayar da hoton a duk inda aka matso da fuskar Pete. Ba yaron da ke gabansa yake kallo ba, idonsa ya ɗan kauce gefe, wajen da ubangidansa yake. Sannan ku duba ƙananan cikin yaran, za ku kama su suna satar kallo wajen guda. To in za a yi adalci, wanda ya yi wasan yana bayan kyamara. Da sauti ya shigo musu a 1929, makirufo ya hana ihun nan, dole masu karnuka suka koma ishara da hannu, su kuma yaran aka ɗora musu haddar magana.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma, Baba, amma wannan ai ni ka taimaka wa. In duka biyun umarni suke bi, wanda ya fi bi daidai shi ne gwani. Kare ba ya dariya a tsakiyar ɗauka.

Malama Maman Hanif: Subhanallahi, yanzu biyayya ce ta zama gwaninta? Bari in kawo maka inda wannan tunanin ya kai mutane. Baby Peggy, wata yarinya 'yar fim wadda aka haifa a 1918. A kamfanin Century kare ne tauraro, sunansa Brownie, aka kawo ta tana 'yar ƙanƙanuwa don ta raka shi a wani gajeren fim a 1921. Ka ga a nan maganarka ta zauna, ita ce 'yar rakiyar. Kafin a ankara ta shanye shi, aka buɗe mata nata jerin, ta yi gajerun fina-finai kusan 150. Amma da ta girma, tana amfani da sunan Diana Serra Cary, ta rubuta yadda abin yake. Mahaifinta mai hawan dawaki ne a fim, kuma yadda yake horar da doki haka ya horar da ita: in ya ce kuka, kuka, in ya ce dariya, dariya. Kwana 6 a mako tana aiki, da kanta take yin wuraren haɗari. Dukiyar da ta tara kuwa manya suka watsar kafin ta mallaki hankalinta. Ta rasu a 2020 tana da shekara 101. In ina kallon irin waɗannan fina-finai ina dariya, wannan yana raina.

Ɗan Maraɗi: Ikon Allah. Babu hukuma ne a lokacin?

Baban Khalifa: Ta makara. Sai da Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya kai mahaifiyarsa da mijinta kotu a 1938 saboda sun cinye masa kuɗi, sannan jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 ta tilasta a riƙa ajiye wa yaro wani kaso. Su kuma dabbobi sai a 1940 aka fara sa musu ido a wurin ɗaukar fim, bayan da aka jefa doki daga kan dutse a wani fim ya mutu. Kusan tare aka tuna da su.

Ɗan Fagge: Wannan duk gaskiya ne, amma kun sauya mini fili. Ban ce an kyautata wa kowa ba. Tambayata wa mutane suka riƙe. Yau nuna wa mutum hoton Joe Cobb ko Mickey Daniels daga cikin yaran, ba zai gane su ba. Nuna masa farin kare mai zobe a ido, ko bai san sunan fim ɗin ba zai ce ya taɓa gani.

Malama Maman Hanif: Zoben ya gane, ba karen ba. Pal yana da ɗan guntun da'ira a ido tun haihuwa, aka cike ta da rini. Da ya mutu a 1930 aka kawo ɗansa, aka zana masa nasa zoben a ɗaya idon, aka ci gaba da kiransa Pete. Bayan nan ma karnuka da yawa sun ɗauki sunan. Tauraron da ake maye gurbinsa da kwalbar rini, wane irin tauraro ne?

Ɗan Fagge: Irin yaran mana, Anti. Su ma ai haka aka yi musu. Da yaro ya fara tsawo a sallame shi a kawo wani. Sunshine Sammy, wanda aka fara da shi, ya tafi a 1924. Farina da kike ji da shi an sallame shi a 1931, Stymie ya zauna a gurbinsa, fim bai tsaya ba har 1944.

Malama Maman Hanif: Amma ba a kira Stymie da sunan Farina ba, ko an kira?

Baban Khalifa: Ku dai ku lura, a kan abin da ya tsira kuke jayayya. Fim ɗin wancan lokaci sinadarinsa yana ruɓewa, yana kuma kama wuta kamar fetur. Yawancin na Baby Peggy da Brownie sun ƙone a gobarar kamfanin Century a 1926. Na Roach sun fi sa'a, aka sayar wa talabijin a shekarun 1950 da sunan The Little Rascals, shi ya sa Pete ya iso gare mu, Brownie bai iso ba.

Ɗan Maraɗi: Ni dai na je na gwada abin da Baba ya ce, na tsayar da hoton. Wallahi gefe karen yake kallo. Ƙaramin yaron da ke kusa da shi ma can yake kallo, har da ɗaga gira, kamar mai jiran a ce masa ya ci gaba.

Ɗan Fagge: Wane fim ne? Turo mini, a minti na nawa. Ina so in ga wanda ya fara waigawa a cikinsu.